Kunnen Manazarci da Kayan Aikinsa: Zaɓen Majuyin Sauti da Amfilifayar Hedifon



1. Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin ganin malamin Hausa ya tashi zai yi magana a kan na'urori, alhali kuwa ga injiniyoyi a zaune. To, dalilin ba mai nisa ba ne. Rubutunmu na boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali, sai fa a littattafan nazari irin su ƙamus na Bargery wanda aka buga a 1934. Saboda haka duk sa'ad da aka ɗauki muryar wani dattijo a kaset, kaset ɗin nan shi ne shaida, rubutun da aka kwafa daga cikinsa kuwa rabin shaida ne. Wanda bai ji daidai ba, ba zai rubuta daidai ba.

Bari in ba da misali. Ina da waɗansu tsofaffin kasakasai da na gada daga wani malamina, waɗanda aka ɗauka a ƙauyukan Kabo da Gwarzo, wajejen Garo da Getso, yamma da birnin Kano. A cikin ɗayansu wani tsoho yana cewa an haife shi a "shekarar fari". Ɗalibin da na ba aikin kwafa ya saurara da ɗan abin kunnen wayarsa, ya fahimci rashin ruwa ake nufi, har ya fara neman shekarun da damina ta gaza. Da muka sake saurare a tsanake, sai muka ji wasalin farko dogo ne, muryar kuma ta faro daga ƙasa ta hau sama. Ashe ƙwarin nan masu cinye amfanin gona tsohon yake nufi, watau jam'in fara. Fari na rashin ruwa wasalinsa na farko gajere ne, muryar kuma daga sama take saukowa. Wasali guda ya kusa kai mu ga wata shekara dabam a tarihin ƙauye. Haka abin yake a "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, ko "ya tafi" na labari da "ya tafi" na umurni.

2. Yadda sauti yake zama lamba

Sauti girgizar iska ne, kamar yadda fatar kalangu take girgiza. Ana auna shi da yawan girgiza a sakan guda, ma'aunin kuwa shi ne haz. Kunnen yaro mai lafiya yakan ji daga haz 20 har zuwa 20,000, yana kuma raguwa da shekaru. Muryar namiji baligi tana kai-komo tsakanin haz 85 da 180, a nan ne kuma karin sama da na ƙasa suke zaune.

Kwamfuta ba ta san girgiza ba, lamba kaɗai ta sani. Idan za ta ajiye sauti, sai ta riƙa auna shi a kai a kai, kamar mutumin da yake tsoma sanda a kogi yana rubuta zurfin ruwa. Harry Nyquist a 1928, da Claude Shannon a 1949, sun nuna cewa muddin yawan awon ya haura ninki biyu na girgizar da ta fi sauri, ana iya mayar da sautin yadda yake. Shi ya sa faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, yake awo sau 44,100 a sakan. Kowane awo kuma ana rubuta shi da bit 16, watau matakai 65,536 tsakanin shiru da ƙara.

To, idan aka zo saurare, tilas a sami abin da zai juya lambobin nan su koma lantarki mai girgiza. Wannan shi ne majuyin sauti, wanda masu sayarwa suke kira DAC. Lantarkin da yake fitarwa ba shi da ƙarfin motsa hedifon yadda ya kamata, sai amfilifaya ta karɓa ta ƙara masa ƙarfi. Kowace waya da kowace kwamfuta tana da ƙananansu a ciki. Amfanin na kan tebur, wanda ake haɗawa ta USB, shi ne ya fitar da aikin daga cikin cunkoson kwamfuta, inda sauran sassa suke zuba masa tsaki da gurnani, ya kuma ba da ƙarfin da na ciki ba su da shi.

3. Abin da za a fara saya

A nan ne mutane da yawa suke faro gini daga rufi. Majuyan sauti na wannan zamani, har da masu sauƙin kuɗi na sanannun kamfanoni, kuskurensu ya yi ƙanƙantar da kunne ba ya kama shi. Inda sauti yake karkacewa ƙwarai shi ne a hedifon. Don haka shi za a fara zaɓa, sa'an nan amfilifayar da ta dace da shi, majuyi ya zo daga ƙarshe.

Hedifon ɗin da aka yi domin jin daɗin kiɗa yakan kumbura ƙasan sauti, ganga ta yi ta dukan ƙirji. Wannan ado ne, ado kuwa yana rufe ƙananan abubuwa, kamar bambancin "k" da "ƙ", ko ɗan tsayawar maƙogwaro da take bin gajeren wasali a ƙarshen magana. Manazarci yana bukatar irin wanda ma'aikatan rediyo suke aiki da shi, kamar Sony MDR-7506 ko Beyerdynamic DT 770 Pro. Mai aiki a ofis da jama'a ya nemi mai rufaffen baya, domin yana tare hayaniya. Mai buɗaɗɗen baya, irin su Sennheiser HD 600, sai a ɗakin da babu motsi. A kuma yi amfani da mai igiya, domin Bluetooth yakan matse sauti kafin ya aika.

4. Dacewar amfilifaya da hedifon

A jikin kwalin kowane hedifon akwai lambar da take nuna turjiyarsa ga lantarki, ana auna ta da om. MDR-7506 yana da om 63, HD 600 yana da 300, DT 770 Pro kuwa ana yin sa iri-iri, akwai mai 32, da mai 80, da mai 250. Mu ɗauka lambatu ne a fadama: idan ya ƙuntata, sai injin ban-ruwa mai ƙarfi ne zai tura ruwa ya kai ƙarshen gona. Wayoyi da kwamfutoci da dama ba sa ba da abin da ya wuce bolt guda. Wannan ya ishi hedifon mai om 32, amma mai 250 ko 300 sai a ji muryar ta yi nisa, musamman a tsohon kaset wanda dama a hankali aka ɗauke shi.

Abu na biyu, ita ma amfilifaya tana da tata turjiyar a bakin fita. Ƙa'idar da masana suke bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Alal misali, hedifon mai om 32 yana son amfilifayar da ba ta haura om 4 ba. In ta haura, tana iya kumbura wani sashe na sauti ta danne wani. Na uku, mai saye ya tafi da hedifonsa da muryar da ya sani sarai, ya gwada kafin ya biya, domin akwai jabu. Ya tsayar da sautin, ya murɗa ƙara, ya saurari shirun. In ya ji tsaki, ya ajiye. Ya kuma rage ƙara sosai, ya ji ko kunnen dama da na hagu suna tafiya daidai.

Kada manyan lambobin talla su ruɗi kowa. Majuyin da yake karɓar awo 96,000 da bit 24 ya wadatar da duk aikin da muke yi. Ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kaya a ma'aikata ko sakatariyar ƙaramar hukuma ya rubuta waɗannan sharuɗɗa a takardar oda. In ya rubuta "mai kyau" kawai, abin da ɗan kwangila ya ga dama shi zai kawo.

5. Mai tsofaffin kasakasai

Majuyin da muka bayyana hanya ɗaya yake bi, daga lamba zuwa kunne. Wanda yake so ya zuba kaset a kwamfuta yana bukatar akwatin da ya haɗa hanya biyu, shiga da fita, kamar Focusrite Scarlett 2i2, wanda yake da amfilifayar hedifon a jikinsa. Ƙungiyar duniya ta ma'adanan sauti, IASA, ta ba da shawarar kada a gaza awo 48,000 da bit 24, a kuma ajiye a tsarin WAV. Kaset na awa guda zai ci kimanin gigabayit ɗaya ke nan. MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin don ya rage nauyi, saboda haka ya dace da rabawa ga ɗalibai, asali kuwa a bar shi cikakke.

Sai dai a sani, majuyi ba ya mayar da abin da kaset ya riga ya rasa. Zaren kaset, tun da Philips ya fito da shi a 1963, yana tafiyar santimita 4.76 ne a sakan. Idan batirin rikoda ya yi sanyi a ranar ɗauka, zaren ya tafi a hankali, to yau muryar za ta fito da sauri, ta kuma yi sama. Idan kan rikoda ya yi datti ko ya karkace, "s" da "ts" su ne za su fara dushewa. A goge kan, a daidaita shi, kafin a zargi majuyi.

6. Wuta, ƙura da lafiyar kunne

Wutar lantarkin Nijeriya bolt 230 ce, tana girgiza sau 50 a sakan. Idan ta yoyo cikin sauti, sai a ji gurnani a haz 50 da 100 da 150, watau daidai inda muryar dattijon nan take. Mai aiki a Gwarzo ko Kabo, inda sau da yawa janareto ne ko sola, zai fi samun tsabtar sauti in ya zare cajar kwamfuta ya yi aiki da batiri, majuyin kuma ya sha wuta ta USB. Haka kuma a kashe duk wani gyaran sauti da kwamfuta take yi da kanta. A lokacin hunturu a rufe kayan da ƙyalle, domin ƙura tana shiga makunni ta haifar da ƙarar-ƙarar. A rage ƙara kafin a sa hedifon a kunne.

Wannan ya kawo mu ga haɗarin amfilifaya mai ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ke nan a desibel 89 awa biyar kacal suka rage. Ɗalibi mai kwafar kaset yakan yi ta ƙara murya don ya kama kalma guda, ya wuni a haka. Ƙananan ƙwayoyin ji da suke cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa, kuma saman sauti ne yake fara tafiya, inda baƙaƙe suke bambanta. Idan kalma ta ƙi jiyuwa, a maimaita ta, ko a duba zanen muryar a manhajar Praat ta Jami'ar Amsterdam, wadda kyauta ce. A huta bayan kowace awa.

7. Kammalawa

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Yawancin dattawan da suke cikin kasakasan nan na Kabo da Gwarzo sun riga mu gidan gaskiya, ba kuma za a koma a tambaye su me suke nufi ba. Zaren da yake riƙe da muryarsu shi ma zafi da damshi suna cinsa kowace shekara. Ina roƙon sassan jami'a, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da ƙananan hukumomin nan biyu, su tanadi ko da tebur guda mai rikoda lafiyayya, da majuyi mai shiga da fita, da hedifon na aiki, a kuma koya wa ma'aikaci guda riƙonsu. Masu kasakasai a gida su fito da su tun suna juyuwa.