Sharuɗɗan Kammala Karatu a Makarantun Sakandare Masu Zaman Kansu: Bayani ga Iyaye da Shugabannin Al'umma

Gabatarwa

A ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, akwai magidanta da dama da ke sayar da hatsi ko bisashe domin su sanya 'ya'yansu a makarantun sakandare masu zaman kansu, waɗanda aka fi sani da makarantun kuɗi. Uba daga Bagega kan ɗauki ɗansa ya kai shi Anka ko Gusau, ya yi ta biyan kuɗi har shekara shida, da fatan yaron zai fito da takardar da za ta kai shi gaba. Wannan bayani an shirya shi ne domin iyaye da hakimai da dagatai da jami'an ilimi su san abin da ake bukata kafin a ce ɗalibi ya kammala sakandare, saboda bikin yaye ɗalibai daban, takardar shaidar da hukuma ta amince da ita kuma daban.

Tsarin karatun

Tun daga shekarar 1982 Nijeriya ta fara aiki da tsarin nan na 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, sannan huɗu a jami'a. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka kuma kafa dokarsa a 2004, ya haɗa firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara na ilimin tushe. Makarantar kuɗi ba ta da hurumin kauce wa wannan tsari. Manhajar da take koyarwa ita ce ta ƙasa, wadda hukumar NERDC ke tsarawa, ko da kuwa makarantar ta ƙara da haddar Alƙur'ani ko Larabci.

A ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ɗalibi zai zauna jarrabawar BECE, kuma sakamakonta ne ke ba shi damar shiga babbar sakandare. Don haka kada uba ya yarda a tsallakar da ɗansa wannan mataki wai don a rage masa kuɗi ko lokaci.

Darussan da ake bukata

A babbar sakandare ɗalibi kan zaɓi fanni: kimiyya, ko fasaha, ko kasuwanci, ko adabi da zamantakewa. A jarrabawar ƙarshe ana yi masa rajistar darussa takwas ko tara, kuma Turanci da Lissafi wajibi ne ga kowa. Manhajar da aka fara koyarwa a 2011 ta shigo da darasin sana'a ɗaya ga kowane ɗalibi. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sake fasalin manhajar, ta taƙaita sana'o'in zuwa shida, daga cikinsu akwai kiwo, da noman lambu da amfanin gona, da ɗinki, da haɗa wutar sola, da gyaran kwamfuta da wayar salula. Ya kamata iyaye su tambayi shugaban makaranta wace sana'a ake koyarwa, kuma su ga kayan aikin da idonsu.

Zaɓen darussa abu ne da ake yi tun daga aji ɗaya. Yarinyar da ke son aikin jinya ko ungozoma tana bukatar Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Idan makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ko malaman waɗannan darussa, gara a gano haka da wuri, domin ba a gyara wannan kuskure a aji uku.

Makin aikin aji

Hukumomin jarrabawa suna karɓar makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya yi a cikin aji tun daga shekararsa ta farko a babbar sakandare, kuma makaranta ce ke aika musu da shi. Yaron da ke barin aji ya tafi gona da damina, ko ya tafi wurin haƙar zinariya, yana barin giɓi a wannan lissafi. Haka ma wanda rashin tsaro ya raba da garinsu, ko wanda karatunsa ya tsaya lokacin da aka rufe makarantun jihar a watan Satumba na 2021. Duk wanda zai sauya makaranta, to ya karɓi takardar canji da katin sakamakon kowane zango daga tsohuwar makarantarsa, ya miƙa su ga sabuwar tun ranar farko.

Jarrabawar ƙarshe

Hukumomi huɗu ne ke shirya jarrabawar kammala sakandare:

1. WAEC, ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952.
2. NECO, wadda aka kafa a 1999, mai hedikwata a Minna.
3. NABTEB, ta fannin fasaha da kasuwanci, wadda aka kafa a 1992.
4. NBAIS, ta makarantun Larabci da addinin Musulunci.

A WAEC da NECO sakamako yana farawa daga A1 ya ƙare a F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 ci ne mai rauni, F9 kuwa faɗuwa ce. Jami'o'i, irin su Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, suna neman kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin da ake nema, har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. Lissafi kuma sharaɗi ne ga fannonin kimiyya da fasaha da nazarin zamantakewa. Bayan haka akwai jarrabawar JAMB, wadda tun daga 2021 ba a yin rajistarta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Saboda haka a tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kowace takarda, domin bambancin harafi ɗaya kan hana yaro gurbin karatu.

Takardar yabo da makaranta ke bayarwa ranar yaye ɗalibai shaida ce ta halin ɗalibi da shekarun da ya yi. Ba ta maye gurbin takardar hukumar jarrabawa a wurin neman aiki ko ƙarin karatu.

Abubuwan da za a bincika kafin biyan kuɗi

1. Takardar amincewar Ma'aikatar Ilimi ta Jiha, wadda ta ambaci matakin babbar sakandare.
2. Lambar cibiyar jarrabawa ta WAEC ko NECO mai ɗauke da sunan makarantar.
3. Rasit na kowane kuɗi da aka biya, musamman kuɗin rajista.
4. Takardar rajista mai hoton ɗalibi da jerin darussansa, tun kafin a rufe rajista.

A guji duk makarantar da ta yi alkawarin kiredit tara idan an ƙara kuɗi. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri, kuma hukumomin jarrabawa kan riƙe ko su soke sakamakon cibiya gaba ɗaya, laifin wasu ya shafi yaran da ba su ji ba su gani ba.

Kammalawa

Wanda bai sami kiredit biyar ba kada ya yanke ƙauna, domin WAEC da NECO suna shirya jarrabawar masu zaman kansu, inda zai iya cike darussan da ya rasa. Ana kira ga hakimai da dagatai da limamai da su isar da wannan bayani a masallatai da kasuwanni da wuraren taro, su kuma kai rahoton duk makarantar da ake shakkar rajistarta ga ofishin ilimi mafi kusa. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.