Turken da Ba a Gani

Ga kacici-kacicin da nake ba ɗalibaina na sakandare a Kalgo. Akwai wani tauraro mai suna S2, can tsakiyar garken taurarin da ranarmu take ciki, ta wajen da ake hangowa kudu a daren damina idan hadari ya yaye. Duk shekara 16 yana kammala zagaye ɗaya, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. A 2018, da ya matso kusa da tsakiya, gudunsa ya haura kilomita 7,000 a daƙiƙa guda. Aka leƙa wurin. Ba turke. To, me ya ɗaure shi?

"Malam, wani ƙaton tauraro ne!" Hasashe mai kyau. Sai dai lissafin zagayen ya nuna nauyin abin ya kai na rana miliyan 4. Tauraro mai wannan nauyi ai haskensa ba zai ɓoyu ba. Wannan kuwa duhu ne.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Ko ƙura ce ta rufe shi, irin hazon hunturu?" Nan na ji daɗi, don ƙurar tana nan da gaske. Amma tun shekarun 1990 Reinhard Genzel a Chile da Andrea Ghez a Hawai suke amfani da madubin hangen nesa mai ratsa ƙura. Da shi suka ga S2. Abin da ya ɗaure shi ne kawai ya ƙi fitowa.

Ko tarin matattun taurari ne? S2 na kusantar wurin har tazarar ta zama kamar ninki 120 na nisan duniya da rana. Matattun taurari masu wannan nauyi, a wannan ɗan matsatsi, da tuni sun yi karo ko sun watse.

Aji ya yi tsit. "Malam, mun ba ka gari. Mun ba ka Gwandu."

Na karɓa. Baƙin rami ne.

Jefa dutse sama, zai dawo, domin duniya na jan sa. Kafin abu ya kuɓuce mata sai ya yi gudun kilomita 11 a daƙiƙa. Yanzu a matse duniyar nan duka, da Gulbin Kwara da duwatsunta, har faɗinta ya gaza santimita 2. Nauyin bai ragu ba, amma a bakinta jan ya tsananta har haske, mai kilomita 300,000 a daƙiƙa, ba zai iya fita ba. Abin da haske bai baro shi ba, ido ba ya ganinsa. Kewaye da shi akwai iyaka: duk abin da ya tsallaka ta ba ya komowa. A waje da ita kuwa ana iya zagayawa lafiya, shi ya sa S2 bai faɗa ba. Ina son yara su riƙe wannan, don da yawansu na zaton ramin zuƙe komai yake yi.

John Michell ya hango irin wannan rami tun 1783, Karl Schwarzschild ya fitar da lissafinsa a 1916 daga nazarin Einstein. Genzel da Ghez sun sami kyautar Nobel a 2020 saboda binciken da suka yi a tsakiyar garken. Ranar 12 ga Mayu 2022 aka fitar da hoton ramin da ya ɗaure S2: zoben iskar gas mai zafi, tsakiyarsa baƙi ƙirin. Hasken da ke hoton ya yi tafiyar shekara kusan 26,000 kafin ya iso gare mu.