Hayaƙin Kwalta Da Masu Abincin Bakin Hanya

Sanin kanku ne, duk inda aka fara zuba kwalta, kafin leburori su yi gumin fari masu abinci sun iso. Ga mai ƙosai, ga mai koko, ga mai tuwo da goyonta, kowacce ta kafa dab da wurin aikin. Ciniki kam a yi, ban hana ba. Amma ku ji abin da ke cikin hayaƙin nan.

Ita kwalta ragowar ɗanyen mai ce bayan an tace shi. Ba ta shimfiɗuwa sai an dafa ta, zafinta ya kai wajen digiri 150, alhali ruwa a 100 yake tafasa. To, masu aikin hanya sukan gauraya ta da wani abu don kada ta tsattsage ko rana ta narka ta, watau garin tsohuwar taya, ko roba, ko farar wuta. Mai garin taya ko roba ta fi kauri, sai an ƙara mata wuta, shi kuwa hayaƙi gwargwadon zafi yake ƙaruwa. Mai farar wuta kuwa, in zafi ya yi yawa, takan fid da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, guba ce.

Wanda ya wuni yana shaƙa, sai ƙaiƙayin ido da na maƙogwaro, ga tari ga ciwon kai. A 2011 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Faransa ta ce mai yiwuwa ne hayaƙin nan ya jawo wa masu shimfiɗa kwalta ciwon daji. Ƙarti fa ke nan majiya ƙarfi. Ina ga jariri, wanda numfashinsa ya fi na babba sauri?

Saboda haka, 'yar'uwa, duba inda iska ke fitowa ki kafa a can, da 'yar tazara, yadda hayaƙi ba zai biyo ki ba, ki kuma rufe abincinki. Kada ki ji tsoron rasa ciniki, leburan da yunwa ta kama zai tako. Goyo kuwa, in da hali, a bar shi gida wurin kakarsa.

In yaro ya shafo kwalta, kada a goge masa da kananzir, man gyaɗa ya isa. In mai zafi ce ta zubo masa, a yi ta kwarara ruwan sanyi, kada a ɓamɓare, a kai shi asibiti nan da nan.