Rumbu ɗaya, ƴan haya dubu: Abin da ke faruwa idan aka aiko kuɗi Birnin Konni

Ranar Laraba ce kasuwar Birnin Konni ke ci, kuma a ranar ne layi ya fi tsawo a shagunan karɓar kuɗi. Idan na'ura ta tsaya, sai a ce "babu rezo". Sai dai ba kullum laifin eriya ba ne. Wani lokaci cunkoson yana can cikin rumbun bayanan da na'urar ke aika wa tambaya.

Kamfanoni da yawa ba sa sayen manyan kwamfutoci nasu, haya suke yi daga irin su Amazon, Microsoft da Google. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024. Tsarin kamar gidan haya ne: kowa da ɗakinsa, amma famfo ɗaya.

Idan wakili a Konni ko Malbaza ya nemi sanin ko kuɗin da aka turo daga Legas ko Abijan sun iso, tambayarsa na tafiya ne da lambar shaidar kamfaninsa. Da ita rumbun ke tace layukan da zai nuna masa. Manhajar PostgreSQL ta samu irin wannan katanga tun 2016.

Haɗarin biyu ne. Na farko, idan ɗan haya ɗaya ya ɗora aiki mai nauyi, kamar lissafin ƙarshen wata, tambayoyin sauran sai su shiga layi. Injiniyoyi na kiran wannan matsalar maƙwabci mai hayaniya, maganinta kuma shi ne yanka wa kowa iyakar rabonsa. Na biyu ya fi muni: idan aka yi kuskure wajen tacewa, sunan mutum, lambar wayarsa da adadin kuɗinsa na iya bayyana ga wani kamfani.

A nan doka ta shigo. Nijar ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma ta ɗora wa hukumar HAPDP alhakin sa ido. Dokar ta ba mutum damar sanin abin da aka adana a kansa, da neman a gyara shi.

Don haka mai aiko kuɗi gida na da hurumin tambayar kamfani: ina ake ajiye bayanaina, kuma wa ke iya gani?