Cinyar Uwa da Ta'aziyyar Allah

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga iyayenmu mata, na cikin garin Gombe da na ƙasar Tangale, Waja, Tula, Dadiya, Tera da sauran wurare. Karatunmu na yau yana cikin Ishaya 66:10-14 da 2 Sarakuna 4:18-37. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da ku, sai ku buɗe, mu bi tare.

Mece ce ta'aziyya?

A Hausar yau da kullum, in an ce an tafi ta'aziyya, gaisuwar mutuwa ake nufi. A cikin Littafi Mai Tsarki kuwa kalmar ta fi haka faɗi. Ta'azantar da mutum shi ne a zauna tare da shi cikin wahalarsa, har zuciyarsa da ta karai ta sāke samun ƙarfi.

Mutanen Babila sun rushe Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, suka ƙone Haikali, suka kwashe mutane zuwa bauta. A Ishaya 66:13 Allah yana magana da masu makoki saboda wannan birni. Da ya so ya nuna musu yadda zai warkar da zukatansu, sai ya kwatanta kansa da uwa mai rarrashin ɗanta. Ya san ba wanda zai kāsa gane wannan misali, gama kowa uwa ce ta haife shi.

Ke uwa, ki lura da nauyin wannan magana. Kafin ɗanki ya iya karanta aya ɗaya, kafin ya shiga Makarantar Lahadi, ya riga ya koyi wani abu a bayanki da cinyarki: in ya yi kuka, akwai mai ji. Ran da aka gaya masa Allah yana jin kukan 'ya'yansa, ba zai yi masa wuyar gaskatawa ba. Yaron da kullum ake kora da tsawa in ya zo da hawaye, yakan girma yana tsammani haka Allah ma yake.

Matar nan ta Shunem

A 2 Sarakuna sura 4, yaro ya bi mahaifinsa gona lokacin girbi, sai ciwon kai ya kama shi. Uban ya sa bara ya kai shi gida wurin uwarsa. Ta ɗora shi a cinya har tsakar rana, a nan ya mutu. Sai ta kwantar da shi a gadon annabi Elisha, ta sa aka ɗaura wa jaki sirdi, ta nufi Dutsen Karmel. Ba ta yarda ta komo ba sai tare da annabin, Allah kuwa ya tā da yaron.

Abu biyu matar nan ta yi: ta riƙe ɗanta, ta kuma tashi neman taimako. Uwa mai bi tana bukatar duka biyu. In jikin yaro ya yi zafi da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, ki rungume shi, ki yi addu'a, ki kuma kai shi asibiti tun da wuri. Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne.

Abin da yaranmu suka gani

Mu mutanen Gombe mun san tsoro. A ranar 22 ga Disamba 2014, kwana uku kafin Kirsimeti, bom ya tashi a tashar Dukku. A ranar 16 ga Yuli 2015 wasu suka tashi a babbar kasuwa, mutane suna sayayyar Sallah. Kirista da Musulmi duka sun yi jana'iza. A shekarun nan iyalai masu yawa suka gudo nan daga Borno, Yobe da Adamawa. A daren Ista na 2019 kuma mota ta kutsa cikin jerin gwanon yaran Boys' Brigade, aka rasa rayuka da dama. Yaran da suka ji ƙarar, ko suka rasa abokai, a gidajenmu suka kwana. Waɗansunsu yau sun zama samari da 'yan mata.

Yaro ba ya iya faɗin tsoronsa kamar babba. Wani yakan koma fitsarin kwance bayan ya daina. Wani yakan ƙi abinci, ko ya farka da ihu cikin dare, ko ya manne wa uwarsa ya ƙi zuwa makaranta. Wani kuma yakan zama mafaɗaci. Sau da yawa mukan ce iskanci ne, mu ɗauko bulala, alhali kuwa yaron taimako yake nema. Ba sai bom ya tashi ba. Faɗan uwa da uba, mutuwar kaka, ko ba'ar 'yan aji, duk suna iya kawo haka.

Abu huɗu da uwa za ta yi

Na fari, ki jawo shi jikinki. Zabura 131:2 ta yi maganar yaron da aka yaye, wanda yake kwance lafiya a jikin uwarsa. Ba nono yake nema ba, kusancinta ya ishe shi. Kada kunyar ɗan fari ta hana ki, kada kuma ki ce wa ɗa namiji maza ba sa kuka. Yesu kansa ya zubar da hawaye a kan mutuwar Li'azaru, kamar yadda Yahaya sura 11 ta nuna.

Na biyu, ki saurara. Ki ajiye muciya na ɗan lokaci, ki tambaye shi abin da yake damunsa, ki bar shi ya gama magana. Ko abin ya zama ƙarami a idonki, a wurinsa babba ne.

Na uku, ki faɗi gaskiya. Na taɓa ziyartar wata gwauruwa wadda ta gaya wa 'yarta mai shekara 6 cewa Baba ya yi tafiya. Wata uku yarinyar tana fita bakin ƙofa duk lokacin da ta ji ƙarar babur. A ƙarshe a bakin yaran unguwa ta ji labarin, ta daɗe ba ta yarda da maganar uwarta ba. Uwar da ƙauna ta yi, amma ƙarya ba ta warkar da ciwo. Ki gaya wa yaro daidai hankalinsa cewa mutumin ya mutu, ba zai komo gidan nan ba, kina baƙin ciki ke ma, muna kuwa da begen tashin matattu cikin Almasihu. Haka nan ki daina tsoratar da shi da dodo don ya yi shiru. Shirun tsoro ba kwanciyar rai ba ne.

Na huɗu, ki yi addu'a tare da shi, da harshen da kika goye shi da shi. A birni muna sujada da Hausa da Turanci, wannan ba laifi. Amma in Tangale ne harshen gidanku, ko Waja, ko Tera, ki kira sunan Yesu a kunnen ɗanki da shi. A ranar Fentikos, bisa ga Ayyukan Manzanni sura 2, kowa ya ji manyan ayyukan Allah da harshen garinsu. Bari yaro ya san Allah yana jin yaren kakanninsa.

Ta'aziyya ba shagwaɓa ba ce

Wata za ta ce, in na yi ta rarrashi, ba zan lalata yaron ba? Rarrashi dabam, goyon bayan laifi dabam. In ɗanki ya yi sata, ki hore shi, ki sa ya mayar da abin, sa'an nan ki nuna masa har yanzu naki ne. Ki kuma yi hankali da son kai. Rifkatu ta fi ƙaunar Yakubu, ta taimake shi ya ruɗi mahaifinsa, ƙarshenta gidan ya rabu shekara 20. In akwai maraya ko ɗan riƙo a gidanki, shi ma yana bukatar cinyar nan, wataƙila fiye da naki.

Wa zai ta'azantar da uwa?

Tulun da ba ruwa ba ya kashe ƙishi. A Farawa sura 21, Hajaratu tana cikin jeji, ruwan salkarta ya ƙare. Ta ajiye ɗanta Isma'ilu a ƙarƙashin wani ɗan itace, ta koma nesa tana kuka, don ba za ta iya kallon mutuwarsa ba. Allah ya ji kukan yaron, mala'ikansa ya umarce ta ta tashi ta riƙe shi, Allah kuma ya buɗe idonta ta ga rijiya. Sai da aka ƙarfafa ta kafin ta iya komawa wurin ɗanta. Manzo Bulus ya koyar da haka a 2 Korintiyawa 1:3-4: abin da muka karɓa daga wurin Allah, shi muke ba waɗansu.

Saboda haka, ke da ƙarfinki ya ƙare, ki kai kukanki gaban Ubangiji, ki kuma gaya wa wata amintacciya a Zumuntar Mata. Ku maza, kada ku tsaya ga aika yaro wurin uwarsa kawai. Ku tambayi matanku yadda suka kwana, ku ɗauki yaron ku ma. Ikilisiya kuma ta tuna da gwauraye bayan an watse daga zaman makoki, gama a lokacin ne kaɗaici yake farawa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin iyayenmu mata. Ka ƙarfafa waɗanda suka gaji, ka share hawayen waɗanda suka rasa 'ya'ya. Ka ba su haƙuri da gaskiya, domin yaranmu su san ka ta wurinsu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.