Yadda manoma masu naƙasa a Amurka ke tallafa wa juna su koma gona

Noma yana cikin sana'o'in da suka fi haɗari a Amurka. Tarakta kan kife da direbanta, sandar inji mai juyawa kan kama riga ta ja hannu, na'urar ɗiban hatsi kan datse ƙafa, sa ko doki kan banke makiyayi. Ga kuma lalurorin da ke zuwa da shekaru, irin su ciwon gaɓɓai, shanyewar ɓarin jiki da raunin ji ko gani. Ƙidayar harkokin noma ta shekarar 2022 ta nuna cewa matsakaicin shekarun manomin ƙasar ya kai 58.

Idan an sallami irin wannan manomi daga asibiti, babbar damuwarsa ita ce ko zai iya komawa gona, domin a galibin lokuta gonar ce gidansa, ita ce gadonsa, ita ce kuma abincin iyalinsa. Likita yana iya warkar da rauni, amma ba lallai ba ne ya san yadda mai ƙafa ɗaya zai hau tarakta da asuba a lokacin sanyi. Wannan giɓi ne masu aikin sa-kai daga cikin manoma masu naƙasa ke cikewa.

Asalin shirin

A shekarar 1979 wani manomi da ƙafafunsa suka shanye ya nemi Jami'ar Purdue da ke Jihar Indiyana ta taimaka masa da hanyar hawa taraktarsa. Wannan buƙata ce ta haifar da cibiyar Breaking New Ground ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bill Field. Daga baya Majalisar Dokokin Amurka ta sanya shirin AgrAbility a cikin dokar noma ta 1990, kuma ya fara aiki a 1991 da kuɗin Ma'aikatar Noma ta ƙasar. A kowace jihar da shirin yake, jami'ar da ke kula da malaman gona takan haɗa hannu da wata ƙungiya mai zaman kanta da ta ƙware a hidimar masu naƙasa, kamar Easterseals.

Cibiyar ta Purdue ta kuma kafa rukunin manoma masu aikin sa-kai mai suna Barn Builders, wato maginan rumbu. Sunan ya samo asali ne daga tsohuwar al'adar karkarar Amurka, inda maƙwabta kan taru su gina wa ɗayansu rumbu a yini ɗaya, kamar dai yadda ake gayya a ƙasar Hausa.

Yadda aikin ke gudana

Jami'an shirin ne ke haɗa sabon majinyaci da wanda ya riga shi shiga wannan hali, kuma suna duba abu biyu: irin lalurar da irin noman. Mai kiwon shanun madara da ya rasa hannu ya fi amfana da wanda ke tatsa da hannun roba, fiye da manomin masara da ke kan keken guragu. Bayan an sami amincewar ɓangarorin biyu, sai a fara da waya, ko ziyara a asibiti, daga bisani a je gona.

Ziyarar gona ita ce ta fi tasiri. A nan ne sabon majinyacin zai ga na'urar da ke ɗaga mutum daga keke zuwa kujerar tarakta, da birkin da aka mayar na hannu, da ƙofar garke da ake buɗewa ba tare da an sauka daga mota ba. Zai kuma sami damar yin tambayoyin da yake jin nauyin yi wa likita, kamar yadda ake kama ruwa a tsakiyar gona, da yadda ake jure kallon mutane a kasuwar dabbobi. Manoma mutane ne da suka saba dogaro da kai, neman taimako yana musu wuya, amma maganar wanda ya sha irin wannan wahala tana shiga kunnensu.

Iyali ma suna da nasu rabon. Sau da yawa matar manomin ce ke haɗa jinya da aikin gona da lissafin bashi, saboda haka akan haɗa ta da wata da ta taɓa ɗaukar irin wannan nauyi.

Iyakokin mai aikin sa-kai

Ana horar da masu wannan aiki a kan sauraro da riƙe sirri, ana kuma gargaɗinsu da kada su ba da shawarar magani. Idan suka ga alamun matsananciyar damuwa ko tunanin kashe kai, wajibi ne su miƙa lamarin ga ƙwararru, ciki har da layin gaggawa na 988 da aka buɗe a 2022.

Akwai kuma haɗarin dabarun da manomi ya ƙera da kansa. Ƙugiyar ɗaga mutum da aka yi wa walda a gida tana iya yi wa wani aiki shekaru, ta kuma jawo wa wani rauni na biyu. Don haka ƙwararren jami'i ne ke zuwa ya duba gona kafin a kwaikwayi kowace dabara. Shirin AgrAbility da kansa ba ya saya wa manomi kayan aiki, sai dai ya nuna masa hanyar samun tallafi daga hukumomin jihohi masu mayar da masu naƙasa bakin aiki, kuma wanda ya taɓa cike takardun ya fi kowa sanin inda ake samun tsaiko.

Ba kowa ne ke komawa irin noman da ya saba ba. Wani yakan rage garke, wani ya koma lambu, wani ya ba da hayar gonar ya riƙe lissafi da cinikin amfani. Aikin ɗan sa-kai shi ne ya nuna abin da zai yiwu da abin da zai ci na kuɗi da ƙarfi, hukunci kuwa yana hannun manomin da iyalinsa.