Me Ya Haɗa Walwalar Ma'aikatan Asibiti da Lafiyar Manoman Kura?

Ruwan madatsar Tiga da ke shayar da gonakin Kadawa, Kura da Bunkure yana kawo shinkafa da tumatir, yana kuma kawo sauro da tsargiya har da rani.

A nan ake gane shugabancin asibiti. Nas ɗin da aka biya alawus kan lokaci, aka raba kwanan aiki bisa adalci, aka saurari kokenta, ita ke tsayawa ta tambayi yaro ko yana fitsarin jini, ta sa a gwada shi kafin maganin zazzaɓi. Wadda aka gajiyar kuwa, sai dai "na gaba!"

Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano ke tura ma'aikata Babban Asibitin Kura. Tura su ba wuya, riƙe su ne aiki.